Tabon da ke Cinyar Baba Ted

Ranar da na sauka Landan babu wanda ya zo tarona. Mutumin da ya yi mini hanyar biza, wanda duk muke kira Manaja, ya ce zan tarar da direba riƙe da allo mai sunana. Na bi allunan mutane ina karantawa har idona ya gaji, ban ga an rubuta Yohanna ba. Da na kira shi sai ya ce in hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in sauka Barking, wai kowa ma haka yake yi. Na ja akwatina na shiga ƙarƙashin ƙasa, ina kallon taswirar nan mai zare kala-kala kamar an zubar da kayan saƙa.

A Barking aka ajiye ni a wani ɗaki na sama, mu biyar, kowa da katifarsa a ƙasa. Duk Manaja ne ya kawo mu, kuma duk aikin kula da tsofaffi aka ce za mu yi. Ni dai ina ganin na fi sauran sa'a, don na yi shekaru ina aikin jinya a asibitin garinmu kusa da Kafanchan. Ban kwana biyu ba na gane abin da ake ciki. Kamfanin da sunansa ke kan takarduna ofis ɗaya gare shi a saman wani shagon aski, babu tsofaffi, babu aiki. Kuma bizata a ɗaure take da su. In sun ce ba su san ni ba, sai gida.

Haka muka zauna muna jira. Manaja yakan ce mako mai zuwa, mako ya zo ya ce an yi cancel. Sanyi ya shigo, rana ba ta daɗe a sama. Idan matata Saratu ta kira, nakan fita waje in amsa, don kada ta ji tarin mutanen ɗakin. Takan tambaye ni, "Baban Grace, ka rame ne ko waya ce?" In ce waya ce. Abin da na fi kewa, ban san dalili ba, shi ne ƙamshin ɗanyar citta idan ana shanya ta a kan dutse bayan gidanmu.

Wata Asabar na bi wani ɗan ɗakinmu kasuwar Deptford, ba don ina da abin saye ba. Ina tsaye gaban wani shago ina kallon doya, sai na ji an ce da Hausa, "Kai, doyan nan ba ya cika ciki da kallo." Wata dattijuwa ce mai kiɓa, da mayafi a kan rigar sanyi. Hajiya Memuna ke nan, mutuniyar Kumasi, tana sayar da dafaffen abinci a bayan shagon. Hausarta ta zango ce, mace da namiji duk "shi" ne. Ta zaunar da ni a kan kwalin mai, ta zuba mini shinkafa da wake, ta ƙi karɓar komai. Ina ci tana yi mini tambayoyi, har na faɗa mata abin da ban faɗa wa Saratu ba.

Ta ce, "Ɗana, wannan Manaja ɓarawo ne, ba kai ne na fari ba. Ɗiyan ƙanwana yana aiki wani kamfani na gaskiya. Zan gaya mishi."

'Yar ƙanwar tata ta cika alkawari. An sha wuya kafin a mayar da bizata hannun sabon kamfanin, amma aka yi. Suka tura ni Dagenham in zauna da wani tsoho a gidansa, in riƙa yi masa wanka, in ba shi magani, in dafa masa abinci.

Sunansa Ted. Ya haura tamanin, dogo, yana jan ƙafar hagu, kuma ciwon mantuwa ya fara kama shi. 'Yarsa Susan ce ta buɗe mini ƙofa. Ta nuna mini ɗakina da akwatin magunguna, sannan ta rage murya ta ce masu kula uku sun gudu kafin ni, duk saboda wanka. Ta ce kuma kada in bar shi ya fita shi kaɗai. Shi kuwa yana zaune yana kallona, ya ce, "Kai ne sabon? John zan kira ka." Na ce ni kuma Baba zan kira shi, haka muke yi wa manya a wurinmu. Ya maimaita kalmar sau biyu, ya ce ta yi masa.

Washegari na tara ruwa a baho. Yana leƙowa ya ga ruwan, sai ya damƙi bakin ƙofa da hannu biyu, ya ƙi shiga. Na matsa zan kama shi, ya kai mini duka da gwiwar hannu a ƙirji. Na ja baya. A raina na ce in na rasa wannan aikin ban san inda zan nufa ba. Sai na zubar da ruwan yana gani, na kawo kujerar roba da ƙaramin bokiti da tsumma, irin yadda muke yi wa marasa lafiya a gida idan famfo ya ɗauke. Ya yarda ya zauna.

Da na cire masa wando na ga tabon. Daga tsakiyar cinya har ƙasan gwiwa, ramuka ne a jere, layi biyu, gaba da baya, kowanne yatsana zai iya shiga. Na ga cizon kare, na ga wanda kada ya kama a Gurara, ban taɓa ganin irin wannan ba. Susan ta ce mini injin kamfanin motoci ne ya kama shi tun tana ƙarama. Amma inji ba ya da haƙora.

Na ce, "Baba, mene ne ya cije ka haka?"

Ya kalli bango. Ya ce, "Nora."

Na ɗauka sunan mace ne. Sai a hankali, a ranakun da kansa ke daidai, labarin ya riƙa fitowa gutsi-gutsi, yawanci ina goge masa baya. Nora sunan wani ƙaton kifin teku ne, irin wanda Turawa ke kira oka, baƙi da fari, tsawonta ya kai motar bas. Ya ce ba kifi ba ce ma sosai, tana shan iska, tana shayar da nono, kuma a teku ita ce ke farautar kowa, babu mai farautarta. Kafin ya shiga kamfanin motoci ya yi aiki a wani wurin shaƙatawa a bayan garin Landan, wanda aka daɗe da rufewa. Shi ne mai ba ta abinci, shi ne mai hura usur ta yi tsalle jama'a su tafa.

"Tana jaririya aka kamo ta, John. Aka raba ta da uwarta a tekun arewa. Da aka kawo ta ta yi ta kuka, ba dare ba rana. Ka san irinsu ba sa rabuwa da uwa har mutuwa? Mu ba mu sani ba lokacin."

Ya ce tafkin da aka sa ta bai fi girman coci ba, ga dabbar da a teku takan wuni tana tafiya. Sai ta riƙa kewaya shi kawai. In ta gaji ta gwagwiyi siminti har haƙoranta suka farfashe, suka riƙa yi mata ruwa. Abin nan mai tsini da ke tsaye a gadon bayanta ya lanƙwashe gefe guda. Wani lokaci takan kwanta a saman ruwa ba motsi kamar gungume, wani lokaci ta ruga ta gwara kanta da ƙofar ƙarfe. Iyakar abin da yake faɗa ke nan. In na tambayi yadda aka yi ta kama shi, sai ya ce ruwan bokitin ya huce.

Muka saba. Yakan ci tuwon semo da miyar kuka yana yamutsa fuska, ya cinye kuma. In yanayi ya yi kyau mukan hau bas zuwa wata hanyar ƙafa a bakin kogin Thames, mu zauna kan benci can nesa da ruwa. Wannan kogin ba irin namu ba ne. Yana janyewa ya bar fili na baƙar laka, bayan wani lokaci ya ciko da sauri kamar an buɗe madatsa. Amma ban taɓa samun natsuwa sosai a gidan ba. Ko motsi na ji sai in leƙa ƙofa. Kamfanin ya riga ya gaya mana cewa duk wanda tsohonsa ya ɓata a hannunsa, aikinsa ya ƙare.

Wata Lahadi Susan ta zo da 'yarta Lily, yarinya 'yar firamare mai surutu. Lily ta haye hannun kujerar kakanta ta tura masa waya a fuska. Za su tafi hutu wata ƙasa mai zafi, kuma uwarta ta yi booking na kallon wasan oka, kujerun gaba, inda ruwa ke fantsamo wa mutane. A bidiyon, wata budurwa tana tsaye a bakin tafki tana shafa kan dabbar, bakinta a buɗe.

Lily ta ce, "Grandad, har yara ake kira su taɓa ta! Ni zan ɗaga hannu."

Baba Ted ya bige wayar ta faɗi ƙasa. Ya miƙe yana ihu kada a bar ta ta je bakin ruwa, a fito da yarinyar, a kawo raga. Lily ta fashe da kuka. Susan ta ja 'yarta, ta ce mini ciwon ne ke ƙaruwa, za ta yi wa likita magana. Na so in ce mata wani abu, amma ban ga hurumina ba ne in tona abin da uba ya ɓoye wa 'yarsa. Suka tafi. Ranar bai ci abinci ba, yana ta tambayata ko an kulle ƙofar tafki.

Da safe na ba shi magani, na hau sama in cire zanen gado. Da na sauko, ƙofar gida a buɗe take. Sandarsa na jingine a bango, shi babu shi.

Na fita da silifas. Na duba kan layi, na duba shagon jarida, na duba bayan gida. Wata maƙwabciya da ke fitar da shara ta ce ta gan shi ya hau bas, da bokitin wanka a hannu, ta ɗauka ina biye da shi. Bas ɗaya ce ya sani, mai zuwa bakin kogi. Na kira lambar gaggawa ina gudu, na kira Susan ba ta ɗauka ba, na hau bas ta gaba. Duk inda ta tsaya ɗaukar fasinja ji nake kamar in sauka in tura ta. Addu'a nake, amma ban wuce "Ubangiji, Ubangiji" ba.

Bencin babu kowa. Na leƙa ta kan bangon kogin, sai ga shi can ƙasa. Ya bi wata matakalar ƙarfe ya sauka, ya yi nisa cikin lakar, ta kai masa gwiwa. Yana buga bokitin da tafin hannu yana kiran Lily. A gabansa kuma ruwan ya fara dawowa.

Na sake kiran layin gaggawa, matar da ta ɗauka ta ce 'yan kwana-kwana na hanya, kada in kuskura in shiga lakar. Na ce to. Sai na ga ya yunƙura zai ƙara gaba, ya tafi zai kifa. Ban san lokacin da na sauka ba. Ni ban iya ruwa ba, ko rafin garinmu iyakata gwiwa. Taku kaɗan laka ta cinye silifas ɗina. Sanyinta ya shiga ƙashina. Ina zare ƙafa ɗaya, ɗayar na nutsewa, har na kai gare shi na rungume shi ta baya.

"Baba, mu koma!"

"Yarinyar tana ciki! Ta ja ta ƙasa!"

"Lily tana makaranta, Baba. Babu kowa a ruwan nan."

Ya yi ta fizga, yana da ƙarfi fiye da yadda nake zato, kuma kowace fizga ƙara nutsar da mu take yi. Sai wayata ta yi ƙara a aljihun riga. Susan ce. Na ce mata kada ta tambaye ni komai, ta ba Lily waya yanzu. Allah ya sa suna mota a ƙofar makaranta. Na kanga masa wayar a kunne, muryar yarinyar ta fito siririya, "Grandad? Ina mota da Mummy. Kana fushi da ni har yanzu?"

Jikinsa ya saki. Ya saki bokitin, ruwa ya tafi da shi. Ya waiwayo ya dube ni da idon mai hankali sarai, ya ce, "John, me muke yi a nan?"

Na yi ƙoƙarin juyawa da shi, ƙafafuna suka ƙi fita. Laka ta riƙe ni har cinya. Ruwan ya iso, ya taɓa mana gwiwa, ya wuce. Nan tsoro ya kama ni sosai. Na fara kokawa da lakar kamar mahaukaci, ina tuna Saratu da Grace, ina tunanin wa zai je ya faɗa musu, kuma da wane baki za a ce a laka na mutu a Landan.

Sai tsohon ya dafa mini kafaɗa. "Daina motsi. In ka ja, za ta ƙara riƙewa. Ka dube ni. Ja numfashi."

Na tsaya ina haki. Don ya riƙe hankalina, ko nasa, sai ya fara ba ni labarin da ya daɗe yana ƙin bayarwa, ruwa na hawa mana zuwa ƙugu.

Ya ce ranar hutu ce, wurin ya cika da iyalai. Haƙorin Nora na ciwo, ta ƙi cin kifi tun safe, ya ce a soke wasan, masu wurin suka ce an riga an sayar da tikiti. Ya shiga ruwan kamar kullum don ta ɗauko shi a baya. Sai ta kama ƙafarsa ta nutsa da shi har ƙasa, ta danne shi da siminti. Da numfashinsa ya kusa ƙarewa ta fito da shi, ya shaƙi iska sau ɗaya, ta sake komawa da shi. Haka ta yi ta yi.

"Ba cinye ni take so ta yi ba, John. Da ta so, cizo ɗaya ya isa. Ni ne wanda ta fi sani a duniya, ni nake kwana wurinta in ba ta da lafiya. Abin ne ya ishe ta, kuma ni ne a kusa. Da na daina shure-shure, na riƙa shafa mata wuya ina mata magana, sai ta buɗe baki."

Haƙorana na kaɗawa na ce, "Me ya sa ba ka faɗa wa Susan ba?"

"Tana ƙarama tana da 'yar tsanar Nora, da ita take barci. Ya zan ce mata?"

Ruwa ya kai mana ciki lokacin da muka ji jiniya. 'Yan kwana-kwana suka shimfiɗa wasu faffaɗan alluna a kan lakar, suka rarrafo, suka zura bututu suna hura ruwa kusa da ƙafafunmu har ta sake mu. Shi suka fara ɗauka. Ni da aka fito da ni ban iya tsayawa ba. Wani daga cikinsu ya lulluɓe ni da bargo mai ƙyalli, yana yi mini faɗa yana kuma murza mini hannuwa.

A asibiti Susan ta same ni a kan benci, laka ta bushe mini har wuya. Ta ce, "Me ya kai shi kogi?" Wannan karon na faɗa mata duka. Ta zauna ta rufe baki da hannu. Daga baya na ji sun tafi hutunsu, amma ba su je wurin wasan ba, Lily ta yi kwana biyu ba ta yi wa uwarta magana ba.

Kamfanin bai saurari bayanina ba. Tsoho ya fita a hannuna, kuma na shiga laka bayan an hana ni. Suka sallame ni. Na koma Barking, kan katifar wani da ke aikin dare, ina neman wanda zai karɓi bizata kafin wa'adin da hukuma ke bayarwa ya cika. Wannan lokacin ya fi na farko ɗaci, don yanzu na san abin da ke jirana. Hajiya Memuna ce ta ciyar da ni. Da na ba ta labari ta riƙe haɓa ta ce, "Kai da ba ka iya ruwa ba? Matanka ya ji wannan?" Ta tsare ni sai da na kira Saratu a gabanta. Saratu ta yi kuka, ta yi faɗa, sannan ta ce in saya takalmin kirki.

Baba Ted bai koma gidansa ba. Sanyin kogin ya sauka masa a ƙirji, daga asibiti aka wuce da shi gidan kula da tsofaffi. Susan ce ta je da ƙafarta wurin shugabar gidan, ta ce mahaifinta ba ya yarda kowa ya yi masa wanka sai mutum ɗaya. Wa'adina ya kusa cika suka kira ni. Har yau a can nake aiki.

Ya rasu da hunturun da ya biyo baya. A wurin jana'izar mutane ba su da yawa. Bayan an fito, wata tsohuwa ƙanƙanuwa mai sanda ta nufo ni, ta ce ko ni ne John na kogi. Sunanta Maggie, tare suka yi aiki a wurin shaƙatawar. Na tambaye ta abin da ya sami Nora. Ta ce an sayar da ita wata ƙasa, aka zuba ta tafki ɗaya da waɗansu da ba danginta ba, suka yi ta yagar juna, ba ta yi tsawon rai ba.

Na raka ta tashar bas, tana riƙe da hannuna. Muna tsaye ta ce, "Ya faɗa maka abin da 'yan kallo suka yi ranar?"

Na ce a'a.

"Ni ce mai riƙe da makirufo. Mai wurin ya zo bayana ya ce kada in bari mutane su firgita, in ce musu cikin wasan ne. Na faɗa. Duk lokacin da ta fito da shi yana neman iska, sai su tafa. Yara har da tsalle." Ta gyara maɓallin rigarta. "Bai taɓa sani ba, kunnensa cike yake da ruwa. Na gode wa Allah da bai ji ba."

Bas ta iso. Na taimaka mata ta hau, na jira har ta sami wurin zama.